Gishiri da kifayen falo: abin da nake rubutawa tun Disamba

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Yau da asuba na tarar da kori ɗaya (wani ɗan kifin ado da ke zama a ƙasan tanki) ya mutu, yana kwance a gefen dutse cikinsa a sama. Shi yasa na ce bari in fara rubuta komai, don in ba haka ba sai dai in ta zargin mai shagon da ya sayar min da kifayen alhali ban ma san me na yi ba.

Ga yadda abin yake. Tankin gilashi ne tsawo santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, a lissafi lita 63 kenan amma da tsakuwa da duwatsu jarka biyu ce ke cika shi, wato lita 50. Na kafa shi ƙarshen Oktoba a falo. Akwai ƙananan kifaye iri uku: gupi 6, moli 3, kori 4 (yanzu 3), ciyawa mai dogon ganye irin ta ruwa, wata shukar ruwa mai suna anubiyas guda ɗaya a jikin itace, sai dodon koɗi ƙanana da suka biyo ciyawar ba da gayyata ba. Filta ƙarama ta soso, injin iska, hita ɗaya. Ruwa na bohol nake saya wajen ɗan garuwa.

Ranar da na sayi kifayen mutumin ya ce min, oga duk sanda zaka ƙara ruwa ka saka gishiri cokali ɗaya, yana kashe cuta. Ni kuma tunda ban sani ba na bi.

Litinin, 9 ga Disamba

Ciyawar nan mai dogon ganye ta fara narkewa, in ka taɓa ganyen sai ya saɓule a hannu kamar dafaffen alayyahu. Dodon koɗi duk sun hau saman gilashi kamar masu neman hanyar gudu. Korin da suka rage suna ta tashi sama da gudu suna komawa ƙasa, sun fi yadda suka saba, kuma basa cin abinci. Gupi da moli kuwa ko a jikinsu, sai wasa suke.

Ina goge gilashi sai na ga wani farin abu ya bushe a bakin tankin har kan wayar hita. Na dangwala na ɗanɗana. Gishiri ne wallahi. Maman yara tana wucewa ta ga ina lasar yatsa ta ce lafiya? Na mata bayani sai ta yi dariya ta ce, to kai baka san miya in ta daɗe a kan wuta gishirinta ƙaruwa yake ba? Ruwa ke tafiya, gishiri yana nan zaune.

Na yi shiru don gaskiya ta faɗa. Tun da hunturu ya shigo ruwan tankin ke raguwa kusan santimita 2 duk kwana uku zuwa huɗu, babu murfi ga hita ga busasshiyar iska. Ni kuma duk cikawa sai na bi da cokali. Abin da ya tashi sama ruwa ne zalla, ni kuma ina ta tara gishiri a kan gishiri tun Oktoba. Na ƙirga a kai, sau goma aƙalla, kuma sau ɗaya tak na taɓa ɗebe ruwa na zubar.

Talata, 10 ga Disamba

Na sayi ƙaramin sikeli irin na masu gwal, N6,000. Na auna cokalin da nake amfani da shi: in an shafe bakinsa giram 17, in an yi masa tozo giram 24. Ni kuma ɗan tozo nake yi, hannu na ba ya rowa. Cokali goma kusan giram 200 kenan a lita 50, wato giram 4 a kowace lita. Ruwan teku giram 35 ne a lita, don haka ban kai ga teku ba, amma giram 4 ya wuce ma abin da ake sakawa lokacin jinyar kifi na kwanaki kaɗan, ni kuwa na bar su a ciki sati da sati.

Na ɗan karanta a kan kifayen sai na gane dalilin da yasa wasu ke wahala wasu na wasa. Moli asalinsu yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, ana samun su har bakin teku inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri. Gupi ma suna jurewa sosai. Kori kuwa 'yan kogunan Amurka ta Kudu ne, ruwan da babu gishiri a ciki, basu saba ba sam. Ashe shawarar mai shago ta yi daidai da wasu kifayen ne kawai, kuma ko su ɗin ba sa buƙata.

Zuciya ta ce in zubar da ruwan duka in sa sabo, amma hakan ma wata girgiza ce ga kifi tunda jikinsu ya riga ya daidaita da wannan. Shiri: lita 15 duk bayan kwana biyu, sabon ruwa ba ko ƙwayar gishiri. Kowane canji yana cire kashi 30 cikin 100 na abin da ya rage. A takarda: 4, sai 2.8, sai 2, sai 1.4, sai 1, sai 0.7, sai 0.5. Na fara yau.

Alhamis, 12 ga Disamba

Canji na biyu. Ba sabon labari.

Asabar, 14 ga Disamba

Kori na biyu ya tafi. Tun jiya yake kwance a gefe yana numfashi da sauri. Autata ta yi kuka, ita ta raɗa masa suna Mai Gashin Baki. Mun binne shi a tukunyar fulawa. Canji na uku. Na tsige ciyawar da ta ruɓe gaba ɗaya, saura saiwa biyu da nake ganin ko za su farfaɗo. Anubiyas bai nuna komai ba, wannan shuka akwai taurin rai.

16, 18, 20 ga Disamba

Canjin ruwa kawai. Kori biyun sun fara tonon tsakuwa.

Lahadi, 22 ga Disamba

Wani abokina da ke aiki a kamfanin fiyawota ya aro min ɗan alƙalamin nan da suke tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Ruwan jarka ya nuna 180 da ɗoriya, na tanki 650 da wani abu. Bambancin wajen 470 ne, wato kusan rabin giram a lita, ya yi kusa da lissafina na takarda, na ji daɗi. Na liƙa salatif a gilashi daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya, daga yanzu duk abin da ya sauka ƙasa da layin ruwa zalla zan cika.

Asabar, 28 ga Disamba

Na sayo moli biyu baƙaƙe, N2,000 kowanne, wai don in rarrashi yarinya. Na jiƙa ledar a tanki minti ashirin na sake su ciki. Na san ana cewa a ware sabon kifi tukuna amma na ce ai lafiyarsu ƙalau.

Alhamis, 2 ga Janairu 2025

An ɗauke wuta tun isha'i har gari ya waye. Da safe ma'aunin zafi na nuna 19, alhali a 26 nake ajiye shi. Sanyin bana ba wasa, ko mu da bargo biyu muka kwana. Kifi duk sun taru a ƙasa sun naɗe fukafukai.

Asabar, 4 ga Janairu

Autata ce ta fara gani. Ta ce Baba gishirin ya manne a jikin baƙin kifi. Na duba da tocila, ɗigo-ɗigo fari a wutsiya da fukafukai da gefen ciki, sak kamar an barbaɗa gishiri, kuma a jikin baƙin moli abin ya fito ɓaro-ɓaro. Gupi biyu ma suna da shi. Sai goga jiki suke da dutse kamar akuya da bango.

Wannan ita ce cutar farin ɗigo, turawa na ce mata ik, sunan ƙwayar Ichthyophthirius multifiliis, na kwafa ne harafi-harafi. Kusan tabbas sabbin molin ne suka shigo da ita, sanyin daren nan kuma ya karya musu garkuwa. Abin da na fahimta game da ita, kuma shi ne ya tsara duk jinyar: ɗigon da kake gani ƙwayar tana ƙarƙashin fatar kifi ne, magani baya isa gare ta. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta rufe kanta cikin wani kwanso ta rarrabu ɗaruruwa, sannan 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. Lokacin iyon nan kaɗai ne gishiri ke kama su. Zafi kuma yana hanzarta zagayen, a ruwa mai ɗumi kwanaki kaɗan ne, a mai sanyi sai ya ja makonni.

Wato na shafe sati biyu ina fitar da gishiri, yanzu gishirin nake buƙata. Allah mai iko.

Lahadi, 5 ga Janairu

Bazan sake zuba shi a babban tanki ba saboda kori biyun nan da saiwar ciyawa da ta fara tsiro. Na wanke babban baho na roba da ruwa zalla ba sabulu, na auna lita 30 da jarka, na kwashe gupi 6 da moli 5 na saka. Kori sun zauna a tanki, zan ɗaga musu zafi zuwa 29 a hankali in riƙa zuƙe tsakuwa da tiyo kullum don kwashe waɗanda suka faɗo. Dole na sayi hita na biyu, N9,500, ya ɗan ciji aljihu.

Sai maganar wane gishiri. Kawu ya zo gaisuwa ya tarar da ni tsugune gaban baho, ya ce ɗana ai jar kanwa zaka jiƙa musu, ko ka samo kantu irin wanda ake ba shanu, mu da shi muka san maganin dabba. Na ce to Kawu, Allah ya ƙara girma, zan duba. Amma kanwa ba gishiri bace, sinadarinta daban ne, ita ke sa wake ya yi laushi, in ta shiga ruwa tana ɗaga kaifinsa sosai kuma a irin wannan ruwan ammoniyar kashin kifi ta fi zama guba. Kantu kuwa, wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma a Nijar, gishiri ne na gaske amma haɗe yake da ƙasa da wasu ma'adanai, saniya ta lasa ba komai, ni kuma bazan iya sanin giram nawa na ainihin gishiri na zuba ba. Akwai kuma gishirin Epsom da na tankin kifin teku, su ma ba su ake nufi ba.

A shago na ga na kwali mai hoton kifi, rabin kilo N7,000. Na juya bayansa, sodiyam kulorayid ne kawai, wato gishiri. Na ajiye na tafi kasuwa na sayi mai tsakuwa-tsakuwa wanda ba a haɗa da komai ba, kilo ɗaya N1,500. Na girki na leda akwai ayodin, wasu kuma da sinadarin hana dunƙulewa. Masu kiwon kifi suna ta musu a kan ko wannan ɗan kaɗan ɗin yana illa, ni dai a ganina ba shi ya kashe min kori ba, yawa ne, amma tunda ga mara haɗi da arha me zai kai ni.

Awo: giram 1 a lita, wato giram 30, na narkar a kofi da ruwan bahon sannan na tsiyaya a hankali kusa da dutsen iska. Ba a watsa shi gaya a kan kifi. Ƙarfe 8 na dare kenan.

Litinin, 6 ga Janairu

8 na safe ƙarin giram 30. 8 na dare ƙarin giram 30. Yanzu giram 90 a lita 30, uku a lita, nan zan tsaya. Zafi 29. Na rubuta a jikin bahon da maka don kar shaiɗan ya sa in manta in ƙara.

Talata, 7 ga Janairu

Ɗigon ya ƙaru!! Baƙar molin nan kamar an tsoma ta a garin tuwo. Hannuna har ya kai kan ledar gishiri, sai na tuna waɗanda suka riga suka shiga fata tun kafin jinya ne ke girma suna fitowa fili, zafi kuma na tura su. Na mayar da ledar. Na rage abinci zuwa sau ɗaya.

Alhamis, 9 ga Janairu

Daren jiya ban yi barci ba. Wuta ta tafi wajen 11, ni kuma na farka ƙarfe 2 don kama ruwa na leƙa da tocila na ga duk kifayen baho a sama baki buɗe suna haɗiyar iska. Ruwa mai ɗumi baya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, ga cutar tana kama musu wurin numfashi na gefen kai, ga injin iska ya tsaya. Na ɗauko moɗa na riƙa ɗiban ruwan ina tsiyayo shi daga sama kamar mai shayi, minti biyar in huta minti goma, har aka kira assalatu. Maman yara ta tashi ta dafa ruwa a gas muka ɗura a gorar roba biyu muka jefa ɗaya a baho ɗaya a tanki, muka lulluɓe su da tsohon bargo. Zafi ya sauka 24 amma bai wuce nan ba.

Duk da haka gupi ɗaya namiji mai jar wutsiya bai kai safe ba.

Yau na sayi ƙaramin injin iska mai aiki da fawabank, N5,500. Da tun farko shi na saya kafin hita na biyu ma.

Asabar, 11 ga Janairu

Na je wajen wani yayan abokina mai kiwon tarwada a hanyar Zariya, na kai masa ruwan baho a kwalba. Ya ɗiga maganin gwaji ruwan ya koma shuni, ya ce ƙanina naitirayit ɗinka ya hau, wato wata guba da ke fitowa daga dattin kifi. Dalili a fili yake, bahon sabo ne babu ƙwayoyin nan masu amfani da ke zama a soson filta suna cinye dattin kifi, su kuma sai sun yi makonni kafin su kafu. Ya ce sa'ar da na ci ita ce gishirin, don kulorayid ɗin cikinsa yana tare hanyar da naitirayit ke bi ya shiga jinin kifi. In ya shiga jini yakan koma ruwan ƙasa-ƙasa ya kasa ɗaukar iska, kifi ya shaƙe alhali ruwa cike da iska. Su a gona da buhu suke sayen gishiri saboda wannan, da kuma lokacin jigilar kifi a mota.

Ya kuma yi min bayanin da ya zauna min. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, kusan giram 9 a lita, saboda haka ruwa kullum kutsawa yake cikin jikinsa shi kuma yana ta fitsari yana fitarwa yana kuma ƙoƙarin riƙe gishirin jikinsa. In ya ji rauni ko ya gaji aikin na masa yawa, ɗan gishiri a ruwa sai ya sauƙaƙa masa. Na ce to me zai hana a bar shi kullum? Ya ce kai kullum kake shan ruwan gishiri da sukari ko sai kana gudawa?

Na sayi kwalbar gwajin a wajensa N8,000. Na yanko rabin soson filtar babban tanki na saka a baho. Canjin ruwa lita 10 kullum, kuma a nan ne ake mayar da gishiri: lita 10 da na zubar sun tafi da giram 30, don haka sabbin lita 10 da giram 30 za su shiga. Wanda iska ta shanye kuma ruwa zalla. Wannan bambancin ne ban sani ba a Oktoba.

12 da 13 ga Janairu

Lita 10, giram 30. Ɗigo na raguwa. Kori ɗaya na ga ɗigo biyu a wutsiyarsa ranar 8, yanzu babu.

Laraba, 15 ga Janairu

Ba ɗigo ko ɗaya a jikin kowa. Autata ta ce a mayar da su gida yau. Na ce a'a sai an ƙara kwana bakwai zuwa goma, don waɗanda ke kwance a ƙasan baho basu gama ƙyanƙyashewa ba, in na janye yanzu aikin baban giwa na yi.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaji ya dawo shuɗi mai haske, wato naitirayit ya sauka. Na koma canji duk kwana biyu.

Asabar, 25 ga Janairu

Kwana goma cif ba ɗigo. Na fara sauke gishiri, lita 10 duk kwana biyu ba mayarwa: 3, 2, 1.3, 0.9, 0.6. Zafi ma ina rage digiri ɗaya duk kwana biyu a duka biyun.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Sun koma tanki, gupi 5 moli 5. Da raga na kwashe su, ruwan baho ko cokali bai bi su ba. Ina zubar da ruwan sai na ga wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa baƙaƙe suna motsi a ƙasa, ashe baƙar molin nan da ta fi kowa shan wahala haihuwa ta yi, guda bakwai na tsamo. Na bar su a bahon da sabon ruwa da soso.

Kuɗin da wannan darasi ya ci: sikeli 6,000, moli biyu 4,000, hita 9,500, gishiri 1,500, injin iska 5,500, kwalbar gwaji 8,000, ruwan garuwa wajen 3,000. Jimla N37,500. Gishirin da ya fi komai arha har yanzu saura fiye da rabin leda. Maman yara ta ce da kuɗin nan kifin miya na saya da mun yi wata muna ci.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Lita 15, ba gishiri. Ciyawa ta fitar da ganye huɗu sabbi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na kai awo wajen mai yankan gilashi ya yanka min murfi gida biyu, N3,500, ruwa ya daina gudu kamar da. Na koma shagon da na fara sayen kifi neman kori, ina tsaye wata baiwar Allah ta sayi kifin gwal biyu a kwalba, na ji yana ce mata hajiya duk sanda zaki ƙara ruwa cokali ɗaya. Na bari ta fito na bi ta na ce hajiya don Allah minti ɗaya, na mata bayanin miya a kan wuta, ta gane nan take.

Kori uku na sayo, don su masu son zama cikin taro ne biyu sun yi kaɗan. Suna cikin bokitin fenti da na wanke, da injin iskar fawabank, za su yi sati uku a nan kafin su ga tanki. 'Ya'yan moli saura shida, sun kai girman ƙwayar wake. Azumi sati mai zuwa ne in Allah ya kai mu, zan mayar da canjin ruwa bayan tarawi. Zafi ya fara shigowa, jiya da rana ma'auni ya nuna 28 ba tare da hita ta kunna ba, don haka aikin gaba shi ne neman ƙaramar fanka da zan ɗaura a bakin tanki kafin Afrilu. Ledar gishiri na ɗaure ta da sikelin a leda ɗaya na ɗora saman kabad inda sai na taka kujera.